Idon Tarun Papa Kojo

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata ranar Alhamis, na kira lambar Isufu karo na bakwai, aka ce mini wayar a kashe take. Na san lokacin daidai don na rubuta shi. Tun ina ƙarama haka nake, idan abu ya dame ni sai in buɗe kaye, littafin rubutuna, in rubuta ko ƙarfe nawa ne, kamar hakan zai rage masa nauyi.

Ina zaune ne a kan wani benci a tashar mota ta Ankara, babban birnin Gana, kwana uku bayan na bar garinmu Gure. Isufu ɗan ƙasarmu ne, ko dai haka ya gaya wa Baba a waya. Shi ya ɗauki alkawarin zai tarye ni, ya kai ni ɗakin da ya ce ya kama mini kusa da makarantar koyon Ingilishi. Baba ya aika masa duk abin da ya nema. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, har yau kuma ban gan ta ba.

Kifi ne ya kai ni Gana, abin da zai ba duk wanda ya san Gure dariya. Mu ba mu da gulbi. Tuddan rairayi muke da su, da kwaruruka masu dabino da goruba da kanwa. Kifin da na sani shi ne banda da ake kawowa daga wajen Difa cikin kwali, baƙi, busasshe, rabinsa gari, Inna ta daka shi ta zuba a miyar kuka. Sai ga wani furoje, wato aikin raya karkara, ya zo da niyyar zuba kifi a wasu tafkuna na wajen Gidigir, a koya wa mutane kiwonsa da kamunsa. Masanan da za a kawo ba sa jin Faransanci, sai Ingilishi, saboda haka ana neman tafinta. Ni ce na fi kowa maki a Ingilishi a lisenmu, wato sakandare, shekarar da na ci bak, jarrabawar fita. Mai furojen ya samu Baba ya ce zai ajiye mini gurbin wata huɗu, in je ƙasar da ake jin harshen in kawo takardar shaida cewa na iya shi a fannin kamun kifi. Idan wata huɗu ya cika ban kawo ba, zai ɗauko wani daga Yamai. Baba mai kanti ne a kasuwar Gure, ba mai yawan magana ba. Ƴan'uwansa suka taru suka ce ina ƴa mace ina Gana ita kaɗai. Ya saurare su har suka gama, ya tashi ya je ya yi mini takardun tafiya.

Wata mata mai sayar da shinkafa da wake a bakin tashar ta jima tana kallona. Da rana ta yi sanyi sai ta bar tukunyarta ta zo ta tsaya a kaina.

"Kai, tun azahar kana nan. Wa kake jira?"

Na waiga in ga namijin da take wa magana, ba kowa. Hausar Zangon Gana ke nan, ba ta damu da raba mace da namiji ba. Zan rubuta sauran maganarta da irin tamu. Na gaya mata labarina a taƙaice ina kallon ƙasa. Ta ja tsaki.

"Ke ce ta uku da na tsinta a kan bencin nan bana. Wanda ya kashe waya ba zai kunna ba. Kin ci abinci?"

Na ce na ci.

"Ƙarya kike. Tashi ki riƙe mini murfin nan."

Sunanta Hajiya Ladi, gidanta a Zango, unguwar Hausawa. Ta shimfiɗa mini katifa a ɗakin da take ajiye buhunan shinkafa. Kakanta farke ne na goro da ya zo daga ƙasar Katsina bai koma ba, ita kuwa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kullum in ina taya ta tsince wake sai ta sa ni in ba ta labarin gida.

"Da gaske raƙumi yana shiga kasuwarku kamar mutum?"

"Da gaske, Hajiya."

"Kuma ba a kora shi?"

"Ai shi ya kawo kanwar."

Sai ta yi dariya har ta dafa cinya.

Abin da ya fi ba ni wuya a satin farko ba abinci ba ne, danshi ne. A Gure in ka shanya zane, kafin ka gama wanke na biyu na farko ya bushe. A Ankara hijabina ya yi kwana biyu a igiya yana nan da sanyinsa. Takardun kayena suka yi laushi, bik, birona, ya riƙa nutsewa cikinsu. Nakan tsaya a ƙofa in nemi sarari, sai idona ya ci karo da rufin kwano da wayoyin lantarki. A gida kuwa, daga bayan katangarmu kana hango mai jaki tun yana ɗigo a kan tudu, ka shiga ka ɗora shayi ya tafasa kafin ya iso.

Makarantar dai gaskiya ce, da sunana a ciki, don ni da kaina na rubuta musu. Malamarmu Madam Esi ce, gajeriya mai gilashi, ba ta ɗaga murya. Ranar farko ta bayyana mana ƙa'idarta. Kowa zai zaɓi sana'ar da zai yi aiki da Ingilishi a cikinta. Jarrabawar ƙarshe ba a aji za a yi ta ba. Ita Madam za ta bi ɗalibi har wurin masu sana'ar, ta ji yana bayyana aikin tun daga farko har ƙarshe, yana tambayarsu suna ba shi amsa. Sharaɗi ɗaya ne, mai wurin ya yarda da bakinsa a zo. In bai yarda ba, ba jarrabawa, ba takarda.

Ƴan ajinmu, mutanen Togo da Burkina da Kodibuwa, suka zaɓi otel da asibiti da tashar jiragen sama. Ni na ce sana'ar su. Na shiga ɗakin karatu na samo wani tsohon littafi mai hotuna, na kwashe sati biyu ina kwafe kalmominsa layi uku, Ingilishi, Faransanci, Hausa. Rod, sandar fatsa. Reel, ƴar na'urar naɗe zare. Fly, ƙudan ƙarya da ake haɗawa da gashin tsuntsu a ɗaura kan ƙugiya. Na haddace su tsaf, na kai wa Madam. Ta duba shafi uku ta rufe.

"Fassuma, rubutunki kamar na inji. Amma waɗannan kalmomin na mutanen da ke zuwa bakin rafi ran Lahadi ne don shan iska. Su kama kifin, su ɗauki hotonsa, su mayar da shi ruwa."

"Su mayar da shi, Madam?"

"Su mayar da shi. Mutanen garinku mayarwa za su yi?"

Na ce a'a.

"To je ki wurin waɗanda ke kamawa don su ci."

Haka na fara shiga ƙaramar mota duk safiyar da ba aji, tafiyar awa guda zuwa wani ƙauyen masunta yamma da birni. Ranar da na fara ganin teku ban ji tsoro ba. Gani na yi kamar tuddanmu ne aka ba su ƙafa, suna tahowa ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa. Na tsaya har ruwa ya jiƙa mini takalmi.

A can da taru suke su. Jirgi ya ɗauki tarun tun da sassafe ya shiga da shi ciki, ya zuba shi ya zagayo kamar baka, ya bar igiya biyu a gaɓa. Sai mutane su yi layi biyu, maza da mata, suna ja da baya da baya suna waƙa, awa uku ko huɗu, har jakar tarun ta fito kan rairayi tana motsi. Mai tarun wani dattijo ne, Papa Kojo. Shi ba ya ja. Yana zama a rumfar ganyen kwakwa, ya saƙala taru a babban yatsan ƙafarsa yana ɗinke inda ya yage.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida manya a gida. Abin ya ba shi mamaki, ya yi murmushi, ya sa aka matso mini da kututture. Da ɗan Ingilishinsa mai gauraye da yarensu na Fante ya riƙa nuna mini abubuwa da allurar ɗinkinsa. Float, abin da ke riƙe bakin taru na sama a kan ruwa. Lead, dalmar da ke jan na ƙasa. Mesh, idon taru. Na koma Zango ina ji kamar takardar tana cikin jakata.

Kashegari na zo da regil ɗina na awo.

Ba da wata manufa ba. So nake in zana tarun a kaye, ni kuma ba na iya zana abu da ka. Na tarar an gama ja, an shanya shi a rairayi. Na tsuguna wajen jakar, inda idon ya fi ƙanƙanta, na miƙe zaren da yatsa biyu, na ɗora regil, na rubuta. Na auna wuri uku don in tabbatar. Na tashi na je na kwafe lambar da ke jikin jirgin don zanen ya cika. Katin makaranta yana rataye a wuyana, da hotona da tambari.

Sai da na rufe bik na lura hira ta tsaya. Kowa ni yake kallo. Papa Kojo ya taso da kansa, ya janye tarun daga gabana a hankali, ya naɗe, ya koma rumfa ya juya mini baya. Na bi shi na gaishe shi, bai amsa ba. Kututturen jiya wani ya ɗora masa ƙafa.

Na yi sati uku ina zuwa ina tsayawa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. In na matso sai a koma Fante. In na yi tambaya sai a kalli teku. Na gwada ƙauyen da ke gaba, tun ban sauka gaɓa ba na ji wata ta ce ga mai regil nan ta zo. Da wata ce mai baki, da ta tsaya tsakiyarsu ta ce me na yi muku. Ni ban iya ba. Sai in koma nesa in riƙa rubuta ƙarfe nawa aka fara ja, ƙarfe nawa aka gama, ashe ƙara ɓata abin nake yi.

Mutum ɗaya ne ya kula ni, wani dogo mai jar hula da ke riƙe injin jirgin. Ya zo da fara'a ya ce in buɗe littafi, shi zai koya mini. Ya nuna igiya ya faɗi suna, ya nuna ƙarfen da ke tsayar da jirgi ya faɗi, ya nuna kwando ya faɗi. Har yana sa ni in maimaita, abokansa suna gefe sun sunkuyar da kai. Na cika shafi biyu, na yi masa godiya sau uku. Ran Litinin na tashi gaban aji na karanta su da ƙarfin gwiwa. Madam ta cire gilashinta ta ce in zauna. Da aka tashi ta riƙe ni, ta ce babu ɗaya a ciki da yake Ingilishi. Wasu sunayen abinci ne, wasu kuma ba za ta fassara wa ƴar mutane ba.

"Ingilishinki ya isa," in ji ta. "Ba shi ne damuwata ba. Wuri ne ba ki da shi, kuma saura kwana ashirin in rufe sunayen masu jarrabawa. Ko za ki bi sauran zuwa otel?"

Na ce takardar otel ba za ta yi mini komai a Gidigir ba. Ta mayar da gilashinta.

Ran Juma'a da hantsi Baba ya kira daga kanti. Ina jin kasuwa a bayansa, wani yana ciniki da Barbarci, ana zuba hatsi a tiya, jaki yana kuka can nesa. Na matse wayar a kunne ina neman in ji su duka.

"Fassuma, kin ga kifin?"

"Na gani, Baba."

"Da ransa?"

"Da ransa."

"To madalla. Mai furoje ya biyo jiya, na ce masa kina nan tafe."

Na ce to. Ban gaya masa komai ba.

Bayan itatuwan kwakwa akwai matan da ke banda a murhun laka. Nan na koma zama in na gaji da tsayuwa a gaɓa, saboda hayaƙin nan kaɗai ne abin da na sani a ƙauyen. In na rufe ido sai in ga Inna tana buɗe kwalin Difa. Wata rana babbarsu, mace mai jiki da ake kira Anti Araba, ta ɗago daga kan murhu ta ce da Hausa garau:

"Ke ƴar Faransa, hayaƙin nan na sayarwa ne. Kullum ki zo ki shaƙa kyauta?"

Na kusa zamewa daga kan dutsen da nake zaune. Ashe ta yi shekaru tana sayar da kifi a Zangon Kumasi.

"Anti, kina jin Hausa duk kwanakin nan?"

"Ina ji. Kallonki nake in ga ko ke ce abin da suka ce."

"Me suka ce?"

"Sun ce turo ki aka yi."

Ta yi mini bayani tana juya kifi. Akwai dokar da ta hana taru mai ƙaramin ido, don yana kwashe ƴaƴan kifi. Masu duba dokar in sun zo, da kati a wuya suke zuwa, su tsuguna wajen jakar taru, su ɗora abin awo, su rubuta lambar jirgi. Bara haka aka yi wa ƙanen Papa Kojo, aka tafi da tarunsa a mota. Yanzu a jirgin wani yake aiki.

"Ke kuwa kika auna har sau uku. Su ma sau ɗaya suke yi."

"Zane nake so in yi, Anti."

"Zane!" Ta kira sauran matan ta fassara musu, suka yi ta dariya har ɗaya ta share hawaye da gefen ɗankwali. "Sati uku tsohon nan yana zuba ido ga hanya yana jiran mota, ashe zane ne."

Na ce to zan je in ba shi haƙuri, in yi masa bayani.

"Da wane baki? Wanda aka turo ma haka zai ce. Ki bar littafin nan a gida, da katin. Gobe in an fara ja, ki je ki kama igiya. A nan ba a korar mutum daga igiya, ko wane ne shi. Kuma ban taɓa ganin mai kati ya ja ba."

Da safe na damƙa wa Hajiya Ladi kayen. Ta juya shi ta kalle ni.

"Yau kuma lafiya, malama ta bar allonta?"

Na tattare hijabi na ɗaure a ƙugu, na cire takalmi, na je ƙarshen layi na kama. Matar da ke gabana ta waiga, ta kalle ni, ta kalli hannuna, ta matsa kaɗan. Shi ke nan.

Igiyar jiƙaƙƙiya ce mai kauri, duk gishiri da rairayi. Na ɗauka ban san aikin ba, sai ƙafafuna suka tuna. A Gamu, garin kakata, akwai rijiyar da ba a hango ruwanta saboda zurfi. In jaki ya gaji, mu ƴan mata muke kama igiyar wasaki, gugan fata, mu yi baya da ita, dunduniya cikin rairayi, jiki a jingine a iska. Ba da hannu ake ja ba, da nauyin jiki ne. Haka na yi. Sai dai rijiya ba ta gardama da mutum. Teku kuwa ta ba ka taku uku, ta karɓe biyu.

A kan igiyar nan na samu kalmomin da na zo nema. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini su, ihunsu ake yi a kaina. In teku ta turo a ce pull, kowa ya yi baya tare. In ta koma a ce hold, a kafe ƙafa. In igiya ta saki a wurin wani a ce slack. Haul shi ne jan duka, tun daga farko har jaka ta fito, catch kuma abin da ta fito da shi. In na kai ƙarshen layi sai in saki, in zagayo bakin ruwa in sake kamawa kamar kowa. In na koma Zango da tafin hannu a saluɓe, Hajiya ta shafa mini man kaɗe tana faɗa, ni kuma in riƙe bik da yatsa uku in rubuta abin da kunnena ya kwaso.

Amma a ranar farkon sai da na ƙara wani kuskuren. Al'adarsu, duk wanda ya taɓa igiya yana da rabo. Da aka zazzage jaka, mai rabo ya bi layi yana zuba wa kowa ƙananan kifi a kwano ko a leda. Da ya zo kaina na ɓoye hannu a baya na ce a'a, na gode. Haka aka koya mana a gida, ba ka karɓar abin hannun mutane a tayin farko sai an nace. Bai nace ba. Ya kalli rumfar Papa Kojo, ya wuce.

Anti Araba ta tare ni a hanya da itacen wuta a hannu.

"Ke wai a garinku ba a haifi mai wayo ba? Kin ja awa uku kin ƙi rabo. Wa ke ja a banza in ba wanda tukunyarsa ke wani wuri ba?"

"Kunya ce, Anti."

"Kunyar ta ci gidansu. Gobe ki zo da kwano, babba."

Na zo da kwanon Hajiya Ladi, na miƙa shi da hannu biyu. Kifin suna ta tsalle a ciki suna walƙiya. Ɗaya ya faɗo kan ƙafata na ƙwalla ƙara, duk layin suka fashe da dariya. Tun daga ranar sunana ya tashi daga mai regil ya koma Slack, wai kullum a wurina igiya ke saki. Kwana biyu bayan haka mai jar hula ya zo ya tsaya kusa da ni yana sosa ƙeya, ya ce kalmomin ran nan in goge su. Ya nuna ƙarfen jirgin ya ce anchor, ya ƙara da rantsuwa. Har yanzu a Gure, in na ga mata sun yi layi a bakin rijiya, sunan nan nake ji a kunnena, da waƙar jan da ban taɓa sanin ma'anarta ba. Wani lokaci nakan tsinci kaina ina rera ta a kan turmi, Inna ta ce wannan kuma na wace ƙasa ce.

Papa Kojo dai bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Da na cika kwana goma ina ja, saura kwana shida Madam ta rufe sunaye, na zo da kayen a naɗe cikin zane. Na durƙusa a bakin rumfarsa, na buɗe shafin zanen. Tun ina ajin farko na lakwal, makarantar boko, ban taɓa yage takarda daga kaye ba, ko kuskure na yi sai dai in ja masa layi. Na kama shafin na yage shi, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallon zanen, da awon uku, da lambar jirginsa. Ban san ko idon tarun nasa ya kai abin da doka ta ce ko bai kai ba, ban tambaya ba, har yau ban sani ba. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu.

Na shirya jimloli masu kyau a mota, duk suka gudu. Da Ingilishin igiya na gaya masa. Na ce garinmu ba ruwa, za a kawo kifi, ana son mai baki biyu, malamata tana so ta zo wurinsa, in bai yarda ba zan koma gida hannu banza. Ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki.

"Ya ji," in ji Anti Araba da na koma wurinta. "Kar ki sake tambaya sai ya kira ki."

Kwana biyar, kwana huɗu, kwana uku. In na shiga aji sai Madam ta ɗago ta kalle ni, in girgiza kai. Hajiya Ladi ta ce in tsohon ya ƙi, in zauna in gaji tukunyarta, dama ƴaƴanta ba wanda ya iya tsince wake. Na yi dariya don ta ji daɗi. Ni kuwa Baba nake gani zaune a ƙofar kanti, ƴan'uwansa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya yi masa barka da dawowata.

Ana saura kwana biyu aka yi ja marar albarka. Awa huɗu a kan igiya, jaka ta fito da ciyawar teku da ledoji. Rabona kifi uku ne, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Ba wanda ya yi waƙa a hanyar komawa. Ina wanke kwano a bakin ruwa, na riga na gama yanke cewa yau ba ranar da za a ce wa mutum i ba ce, sai mai jar hula ya ƙwala mini kira.

"Slack! Tsoho na nemanki."

Na je na durƙusa. Papa Kojo ya ajiye allura, ya kama hannuna na dama ya juya shi, ya danna kantar da ta fito a gindin yatsuna da babban yatsansa. Ya saki.

"Malamar nan taki, me za ta zo yi?"

"Za ta tsaya ta saurare ni, Papa, ta rubuta."

"Ta tsaya," in ji shi. "Ta rubuta."

Ya ɗauki zare ya tsinke shi da haƙori, ya tofar. Ya koma kan ɗinkinsa.

"Papa, in kawo ta?"

Sai ya ɗago ya kalle ni sosai, ya yi magana a hankali, kalma kalma, don kada ko ɗaya ta wuce ni.

"Kawo ta jibi, kafin rana ta yi zafi. Amma ki gaya mata a tarun Kojo ba a tsayawa kallo. Ta bar takalminta da littafinta wurin Araba, ta kama igiya a bayanki. In tana son jin Ingilishinki, a nan za ta ji shi."